ALHAJI MAMMAN SHATA KATSINA (1923-1999): WANE ZAMANI YA FI A WAƘARSA?

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Balbeji, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai wata gardama wadda ba ta tsufa. In dattawa suka zauna hira aka ambaci kiɗa, sai wani ya ce waƙa ta ƙare tun ranar da aka ajiye garmaho. Wani ya ce zamanin rediyo ya fi. Na bayansu su ce ba a san daɗin kiɗa ba sai da kaset ya zo. Samari kuwa suna gefe da nasu waƙoƙin cikin wayar salula. Mai son ya auna waɗannan zamunna da mudu ɗaya, ba shi da abin awo da ya wuce rayuwar mutumin da ya ratsa mafi yawansu yana waƙa, wato marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Shata a shekara ta 1923 a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma asalin gidansu Fulani ne. Ba su gaji kiɗa ba, ba su gaji roƙo ba. A wancan lokaci kiɗa sana'ar gado ce, ɗan da ya shige ta ba gidansu ba ana ganin ya zubar da girman iyayensa. Saboda haka mahaifinsa bai so ba ko kaɗan.

Yaron ya taɓa noma, ya yi tallar goro da alewa. Amma da dare ya yi, dandali yake nufa, inda samari da ƴan mata suke wasa. Can ya fara waƙa don nishaɗi, tun ba a ba shi ko anini. Da ya ga abin ya karɓe shi, sai ya bar talla ya rungumi kalangu. Ya zauna Bakori wajen ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa, mai sayen auduga da gyaɗa. Daga baya ya kafa gida a Funtuwa, inda ya yi mafi yawan zamansa na duniya.

Zamanin dandali: shekarun 1940 da 1950

A waɗannan shekaru, manyan mawaƙa na fada ne. Kowane sarki da makaɗinsa, kowane makaɗi da ubangidansa guda. Babban misali shi ne Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, wanda ake danganta asalin mahaifinsa da Filinge ta ƙasar nan. Irin waɗannan makaɗa sukan zauna da mutanensu su shirya waƙa, su tace ta, kafin su kai ta gaban sarki.

Shata ya bi wata hanya dabam. Bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa manomi, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da mace mai sana'a. Lokacin kuwa cinikin gyaɗa yana tashe, motoci sun fara yawa a kan hanya, kuɗi ya shiga hannun mutanen da ba su da rawani. Su ne suka zama iyayen gidansa. A 1952 aka yi babban bikin ƴaƴan sarki a Kano, ya yi wasa a wurin, sunansa ya fita daga ƙauyukan Katsina ya shiga birane.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne ga kunne, mai wuya ga mai son kwaikwayo. Makaɗa suna riƙe da amshi gajere suna maimaitawa, shi kuma yana zuba baiti a kai nan take, gwargwadon wanda ke gabansa da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da kama daban-daban, ta jiya ba ta zama daidai da ta yau.

Waɗanda suka gan shi a wannan zamani sun tafi a kan cewa babu kamarsa: murya ɗanya, jini a jika, ba lasifika. Sai dai kaɗan ne daga waƙoƙin lokacin suka shiga faifai. Sauran iska ta kwashe su tare da ƙurar dandali.

Zamanin rediyo: shekarun 1960

Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. An buɗe gidan rediyon Nijar tun 1958, na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma a shekarar ne aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar. Ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyuka. Muryar da a da sai wanda ya je biki yake jin ta, sai ga ta a bakin rijiya da rumfar mai shayi. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin Kano da Damagaram ba ta tare ta ba, ta haura har Damargu da Agadas.

Rediyo ya faɗaɗa abin da mawaƙi yake magana a kai. Shata ya yi waƙoƙin kiran jama'a ga noma da neman ilmi da tashi daga lalaci. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa soja waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutanen karkara da yawa suka riƙe labarin ta bakinsa. Mawaƙi ya zama kamar jarida ga wanda bai iya karatu ba.

Zamanin kaset: shekarun 1970

Bayan yaƙi, kuɗin man fetur ya kwararo cikin Nijeriya. Kamfanonin faifai irin su EMI suka ɗauki waƙoƙinsa, sannan kaset ya zo ya rusa shingen da ya rage. Mai rediyo sai ya jira abin da aka sa masa, mai kaset kuwa shi ke zaɓe, ya juya, ya maimaita, ya kwafa wa abokinsa.

Ga mutanen Damargu waɗannan shekaru suna da fuska biyu. Ƙasar da aka sani da rumbunan hatsi ta sha farin 1973 da 1974, dabbobi suka hallaka, magidanta da yawa suka gangara Kano da sauran biranen kudu cin rani. Cikin abin da masu komowa suke riƙowa har da rediyo mai kaset. Ta haka waƙoƙin Shata suka zauna a kasuwanni irin ta Bakin Birji, da cikin manyan motocin da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas.

A wannan zamani ƙungiyarsa ta cika, kalangai sun daidaita, muryarsa ta nuna. Amincinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, ya yi ƙarfi. Ya kai kiɗansa ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Faransa da Amurka. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirin dakta a jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kansa. Ya shiga siyasa kuma, aka zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya.

Amma zamanin bai rasa abin suka ba. Masu kuɗi sun yi yawa, kowa yana son a ambaci sunansa, har wasu waƙoƙin suka zama jerin sunaye da kyaututtuka. Zambonsa yana da dafi, wanda ya faɗa bakinsa yakan daɗe bai warke ba. Waƙarsa ta mashaya ta ɓata wa malamai rai ƙwarai, ko da yake shi ne kuma ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har yau ake saurare.

Zamanin girma: shekarun 1980 da 1990

A 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Yaron da aka hana waƙa don kada ya kunyata gidansu, sai ga shi cikin rigar malaman jami'a. Ya kuma riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a farkon shekarun 1990.

Sai dai duniyar kiɗa tana juyawa. A Nijar, wasannin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, da gasar da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, sun fito da sababbin mawaƙa masu jita da kayan kiɗan zamani. A Kano, finafinan Hausa sun taso, waƙoƙin fiyano suka fara janye kunnen samari. Shi kuma shekaru sun ja, ciwo ya kama shi. An yi jinyarsa a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka yi jana'izarsa a Daura.

To, wane zamani ya fi?

Kowane zamani da abin da ya ba shi. Dandali ya ba shi kaifin baki, rediyo ya ba shi jama'a, kaset ya ba shi dukiya da wanzuwa, shekarun ƙarshe suka ba shi daraja. In an bi abin da kunne zai iya tabbatarwa a yau, shekarun da ke tsakanin samun mulkin kai da ƙarshen 1970 su ne ƙololuwa, domin a nan ne ƙarfin murya da gwanintar makaɗa da manyan al'amuran da ake waƙa a kansu suka haɗu wuri ɗaya.

Duk da haka, mai hukunci ya yi hattara da abu biyu. Na farko, mutum yakan fifita waƙar da ya ji yana saurayi, sau da yawa ƙuruciyarsa yake yabo yana zaton kiɗa yake yabo. Na biyu, shari'ar ba ta cika adalci ba, tun da zamanin dandali ya zo gaban alƙali ba shi da shaidu. Abin da ba a ɗauka ba ya tafi.

Nan ne maganar ta shafi hukuma da jama'a baki ɗaya. Shata ya yi sa'a, ya samu gidajen rediyo da kamfanoni da masu nazari, har Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa tarihinsa a 2006. Makaɗan noma da na kokawa da zabiyoyin biki na Damargu, waɗanda suka yi zamani ɗaya da shi, mafi yawansu ba su samu wannan gata ba. Abin da ya rage nasu yana cikin tsofaffin kaset a ƙasan adaka, zafi da ƙura suna cin sa, da kuma cikin kan tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A Yamai akwai cibiyoyin da aikinsu ke nan, irin su IRSH da CELHTO. Wanda ke da irin wannan kaset a gida, ya san dukiyar ƙasa ce yake riƙe da ita, ya nemi a kwafe ta tun zaren bai tsinke ba. In ba haka ba, jikoki za su gaji gardamar, amma ba za su gaji waƙar da za su yi ta a kai ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.