Alexandros Panagoulis: Mawaƙin Girka da ya mutu kafin ya buɗe fayil

Ranar 13 ga Agusta, 1968, wani bam ya tashi a titin bakin teku kusa da birnin Atina daidai lokacin da ayarin Kanar Georgios Papadopoulos, jagoran gwamnatin sojan Girka, yake wucewa. Kanar ɗin ya tsira. An kama wanda ya dasa bam ɗin, Alexandros Panagoulis, matashi ɗan shekara 29 da ya karanci injiniyancin lantarki, ya kuma gudu daga aikin soja bayan juyin mulkin Afrilun 1967.

Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a watan Nuwamba, amma matsin lamba daga ƙasashen waje ya hana a zartar. Ya tsere daga kurkuku a 1969, aka sake kama shi, aka killace shi shi kaɗai a gidan yarin soja na Boyati. Ya sha azaba iri-iri. Idan aka hana shi alƙalami da takarda, da jininsa yake rubuta waƙa. Daga baya Mikis Theodorakis ya sa wa wasu daga cikin waƙoƙin kiɗa.

Afuwar 1973 ce ta fito da shi, ya tafi Italiya. Da sojoji suka faɗi a 1974, ya dawo gida ya tsaya takara, ya ci kujerar majalisa a watan Nuwamba.

A nan ne ya fi takura wa mutane. Jarumin da ke tsare yana da daɗin yabo. Ɗan majalisar da ke tambayar wa ya yi wa sojoji aiki ba ya da yawan abokai. Panagoulis ya dage cewa wasu da suka haɗa baki da mulkin soja sun sauya riga sun shige sabuwar gwamnati. Ya tattara takardun sirri na 'yan sandan soja, ya ɓata da jam'iyyarsa, ya ci gaba da zama a majalisa ba jam'iyya.

Ranar 1 ga Mayu, 1976, ana saura kwanaki ya bayyana takardun, ya mutu a haɗarin mota a titin Vouliagmenis yana da shekara 36. Hukuma ta ce haɗari ne. Abokiyar zamansa, 'yar jaridar Italiya Oriana Fallaci, ba ta yarda ba, ta rubuta littafi guda a kansa. Girkawa da yawa suna tare da ita har yau.