Labarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, an haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, watau 1781. Ya yi karatu wurin mahaifinsa Shehu Usmanu da baffansa Malam Abdullahi, ya ga karyewar jama'a a Tsuntsuwa da Alwasa, kana ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Da shekara ta kewayo ya gina Sakkwato.

Amma jarrabawarsa babba sai da Shehu ya yi wafati a 1817 ta zo. Aka yi masa mubaya'a, ƙasa kuwa ta ɗauki rawa. Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa suka warware alkawari, har Abdussalami, wanda ya sha wuya tare da jama'a tun kafin hijira, ya yi tawaye a Kware. Malam Abdullahi ya taho daga yamma ya iske ƙofar birni a rufe, ya juya zuciyarsa a ɓace. Mutane da yawa suka zaci al'amarin ya bi Shehu kabari.

Bello ya fara da wasiƙu zuwa ga Abdussalami, da suka ƙi amfani ya ci Kware a 1818. Baffansa kuwa bai yi jayayya da shi ba. Sai da mutanen Kalambaina suka gagari Malam Abdullahi, ya ɗauki runduna ya kai masa gudummawa, garin ya faɗi. Da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki domin girmamawa, tsohon ya hana shi, shi ya gaishe shi da sarautar Musulmi.

Abin da ya fi yaƙoƙinsa nauyi shi ne abin da ya hango: ƙasar da aka ci da takobi ba ta zama sai an zauna mata. Saboda haka ya kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa a cikinsu, ya jawo Fulanin daji su yi gida, su yi noma, su kiwata dawaki, 'ya'yansu su shiga makaranta. Aiki ne mai wuya, gama makiyayi ba ya son ganuwa. Ya kuma rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje cewa wajibin sarki ne ya kula da maƙera da masaƙa da majema, ya raya kasuwanni, ya gyara hanyoyin fatake. Duk da wannan hidima alƙalaminsa bai bushe ba, ya yi talifi a kan tarihi da fiƙihu da magani.

A 1836 ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke. Ya rasu a 1837 a ribaɗinsa na Wurno, inda ya fi son zama bisa ga birni, can kuwa kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Allah ya jiƙansu, amin.