Tarihin Quantz, Ɗan Maƙerin Da Ya Koya Wa Sarki Busa

An haifi Johann Joachim Quantz ran 30 ga watan Janairu, 1697, a wani ƙauye mai suna Oberscheden a ƙasar Jamus. Ubansa maƙeri ne, kuma burinsa shi ne yaron ya gaji maƙera. Amma Allah bai nufa ba. Uban ya rasu a 1707, yaron yana da shekara 10, a shekarar da ta biyo kuwa aka kai shi garin Merseburg wurin baffansa, wanda yake makaɗin gari.

A nan ya koyi goge irin na Turawa, da ƙaho, da wata aba mai kama da algaita da suke kira obo. Da obo ɗin ya sami aiki a 1718 cikin makaɗan Sarki Augustus, mai mulkin Saksoni da Folan. Sai ya duba ya ga manya sun tare gaba, in ya tsaya jiransu zai tsufa yana yaro. Saboda haka ya koma wa sarewa, irin wadda ake riƙewa a gicciye, ya yi wata huɗu yana ɗaukar karatu wurin wani gwani Bafaranshe, Buffardin. Daga 1724 zuwa 1727 ya yi yawon neman ilmi a Italiya da Faransa da Ingila. A Paris ne ya ƙara wa sarewar maɓalli na biyu don muryarta ta daidaita. Ashe dai jinin ƙira bai bar shi ba.

A 1728 ya gamu da Yarima Frederick na Farusiya, saurayi mai shekara 16 wanda son sarewa ya kama. Mahaifin Yarima kuwa mutum ne mai zafin rai, ba abin da ya sani sai soja, busa a wurinsa shashanci ce. Duk da haka Quantz ya riƙa zuwa sau biyu a shekara yana koya masa. An ce wata rana Sarki ya faɗo musu ba zato, har sai da malamin ya ɓuya a wani ɗan ɗaki. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin Sarkin nan ne ya sa aka sare kan abokin Yarima a 1730.

Da Frederick ya hau gadon sarauta a 1740, bai manta da malaminsa ba. A ƙarshen 1741 ya ɗauko shi, ya yanka masa albashin tala 2,000 a shekara, ban da ladan kowane sabon kiɗa da kowace sarewa da ya ƙera. Carl Philipp Emanuel Bach, wanda yake babban makaɗi ne shi ma a fadar, tala 300 ya fara da ita. Quantz ba ya karɓar umarnin kowa sai na Sarki, kuma in Sarki yana busa da maraice, shi kaɗai ne ke da ikon yaba masa ko ya nuna masa kuskure.

Sai dai a ganina daular nan tana da ƙaya. Ya shirya manyan kaɗe-kaɗe na sarewa wajen 300, amma yawancinsu mallakar Sarki ne, ba a buga su don jama'a ba. Shekara 32 yana yi wa mutum ɗaya aiki, yana bin abin da kunnen mutum ɗaya ke so, alhali salon kiɗa yana ta canzawa a waje.

Abin da ya fita daga fada shi ne littafinsa na koyar da busa sarewa, wanda aka buga a 1752 da Jamusanci da Faransanci. Ya yi bayanin yadda ake sarrafa numfashi da harshe da yatsu, da yadda makaɗa za su bi juna, har da halin da ya kamata mai koyo ya kasance da shi. Da wannan littafi masana ke gane yadda ake kiɗa a wancan zamani.

Quantz ya rasu a Potsdam ran 12 ga watan Yuli, 1773, yana da shekara 76. Sarki ya sa aka gina masa abin tunawa a kan kabarinsa.