Sarki Alhaji: Sarkin da ya kai ruwan famfo birnin Kano

Alhaji Abdullahi Bayero, wanda Kanawa ke kira Sarki Alhaji, ya mulki Kano daga shekarar 1926 zuwa 1953, a lokacin da annoba ke yawan addabar jama'ar birnin.

An haife shi a shekarar 1881. Ɗa ne ga Sarki Muhammadu Abbas, kuma ya riƙe sarautar Ciroman Kano, yana hakimcin Bichi, kafin ya gaji Sarki Usman.

Tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, cinikin gyaɗa ya janyo baƙi da dama, unguwanni irin su Fagge da Sabon Gari suka cika maƙil. Galibin mutane daga rijiyoyi suke shan ruwa, ga kududdufai cike da ƙazanta a tsakanin gidaje. Agana da sanƙarau sukan yi ɓarna, murar nan ta 1918 da ake kira marisuwa kuma ta hallaka ɗimbin jama'a.

A farkon mulkinsa ne aka buɗe Asibitin Birni, wanda a yau ake kira Asibitin Murtala Muhammad. A 1931 aka kammala aikin ruwan famfo da wutar lantarki da kuɗin baitulmalin En'e. Daga kogin Challawa, wanda ke ratsa ƙasar Ƙaraye, ake turo ruwan zuwa tankin da ke kan Goron Dutse, sannan a rarraba shi cikin gari.

A 1932 aka kafa Makarantar Koyon Tsafta ta Kano domin horar da duba-gari, masu bin unguwanni suna duba tsaftar gidaje da kasuwanni.

Sarkin ya ziyarci Ingila a 1934, ya kuma sauke farali a 1937, abin da ya sa laƙabin Sarki Alhaji ya bi shi. Ya rasu a watan Disambar 1953, ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi. Sunansa ne Jami'ar Bayero ke ɗauke da shi.

Birnin dai ya ci gaba da bunƙasa fiye da yadda bututun ruwa ke iya kaiwa. A 1996, lokacin da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka ɓarke a Kano, matsalolin da aka soma tunkara a zamaninsa, wato cunkoso da ƙarancin tsaftataccen ruwa, su ne suka sake fitowa fili.