Oumarou Ganda: ɗan dakon Abidjan da ya zama jigon silimar Afirka

Masu sha'awar tsofaffin finafinai a New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala galibi sun fi sanin na Indiya da na kaboyi. Amma akwai fim na 1958 da ya fi kusa da rayuwarsu, kuma jaruminsa ɗan ci-rani ne daga Nijar.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indochine. Da ya dawo gida bai samu aiki ba, sai ya nufi Abidjan, inda ya riƙa dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, mai binciken rayuwar 'yan Nijar da ke ci-rani a bakin teku. Rouch ya ɗauki hotunan Ganda da abokansa a unguwar Treichville: neman aikin yini, kwanan haya, rawar daren Asabar, safiyar Litinin da aljihu wayam. Na'urar ba ta ɗauki sauti ba, don haka daga baya Ganda ya zauna yana kallon hotunan yana ba da labarin kansa da bakinsa, ƙarƙashin laƙabin Edward G. Robinson, wani tauraron Amurka. Haka aka samu Moi, un noir, wanda ya ci kyautar Louis Delluc. A zamanin da Bature ke yi wa baƙar fata sharhi a finafinan mulkin mallaka, ga lebura yana faɗin nasa da kansa. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar masana'antun Bassa yana jiran a kira shi aiki zai gane wannan murya.

Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba. Ya koma Yamai ya koyi sana'ar, ya shirya Cabascabo, labarin tsohon sojan Indochine da abokan cin mushe suka talauta, wanda aka nuna a Cannes a 1969. Le Wazzou polygame, kan wani Alhaji da ya ƙaro mata ta uku ba da son ranta ba, ya lashe babbar kyautar Étalon de Yennenga ta farko a FESPACO a 1972. Saïtane da L'Exilé suka biyo baya.

Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Yau cibiyar al'adu a Yamai na ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa fim ɗin farko na sabon darakta.

Mai son sanin shi ya fara da Moi, un noir, sannan Cabascabo, domin ya ga yadda wanda aka ɗauka hoto ya karɓi kyamara a hannunsa. Allah ya jiƙansa.