Vladimir Shukhov: Injiniyan da ya sauya salon tace man fetur

An haifi Vladimir Shukhov a watan Agustan shekarar 1853 a garin Graivoron da ke kudancin Rasha. Bayan ya kammala karatun injiniya a Mosko a shekarar 1876, ya ziyarci baje kolin masana'antu na Philadelphia a Amurka, inda ya haɗu da Alexander Bari, wanda daga bisani Shukhov ya zama babban injiniyan kamfaninsa.

A shekarar 1878 ya isa Baku, cibiyar haƙar mai ta daular Rasha, inda a lokacin ake jigilar ɗanyen mai cikin ganguna a kan amalanke. A nan ne ya tsara wa kamfanin 'yan uwan Nobel bututun mai na farko a Rasha, daga rijiyoyin Balakhani zuwa matatun birnin. Sai da aka girke masu gadi a kan hanyar, domin masu amalanke na ganin bututun zai raba su da abincinsu.

Babbar gudummawarsa dai ita ce a cikin matatar kanta. A wancan zamani ana dafa ɗanyen mai ne a manyan tukwanen ƙarfe, inda gawayi ke taruwa a gindi, ƙarfen ya ƙone, a wani lokacin ma gobara ta tashi. A shekarar 1891 Shukhov da abokin aikinsa Sergei Gavrilov suka yi rajistar wata sabuwar dabara, wato a tura man da famfo ta cikin bututan da aka jera a cikin tanderu, a ƙarƙashin matsi, ba tare da an dakatar da aiki ba. Gudun man shi ke rage taruwar gawayi, sa'an nan tururin ya wuce inda ake rarrabe shi. A kan wannan tsari na bututu cikin tanderu matatu ke zafafa mai kafin ya shiga hasumiyar tacewa.

Sai dai dabarar ta riga zamaninta, domin kananzir ake nema ba fetur ba. Ba a kafa matatar da ke aiki da ita a Baku ba sai farkon shekarun 1930, bayan Amurkawa sun yi nisa da tsarin William Burton na shekarar 1913.

Kazalika Shukhov ne ya gina hasumiyar rediyo ta Shabolovka a Mosko, wadda aka kammala a shekarar 1922, kuma bisa tsarinsa aka miƙar da hasumiyar madarasar Ulugh Beg ta Samarkand da ta karkace, a shekarar 1932. Ya rasu a Mosko ranar 2 ga watan Fabrairun 1939, sakamakon ƙunar wuta, yana da shekaru 85 a duniya.