Pachacuti, Sarkin Daular Inka

Ba shi aka tanadar wa sarauta ba. A wajajen shekarar 1438 mayaƙan Chanka suka tasam ma birnin Kusko, a ƙasar Peru ta yau, sai mahaifinsa Sarki Viracocha ya tsere da ɗansa Urco, wanda ya zaɓa magaji. Shi kuwa yariman ya tsaya, ya fatattaki maharan, ya karɓe mulki, ya ɗauki sunan Pachacuti, wato mai juya duniya.

Shi ya sake gina Kusko, ana kuma danganta Machu Picchu da shi. Abin mamaki ga ɗalibin harshe, da harshen Kechuwa aka tafiyar da daular ba tare da rubutu ba, sai ƙulle-ƙullen igiya na adana lissafi. Ya mutu a wajajen 1471.